Faifan da Ya Zaunar da Madam Pettiford

Harlem, New York
Maris, 1965

Yaya Ernestine,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Ya mutanen cocinmu? Ni lafiya lau, sai ɗan tsautsayi: injin guga a wurin aiki ya taɓa min yatsu biyu. Ba wani abu ba ne, kada Mama ta ji.

Yaya, na samu sabon faifan garmaho na wani mai busa ƙahon saksofon. Mutumin nan ba busa yake ba, roƙon Allah yake! Sai ya kama 'yar murya ɗaya ya yi ta juya ta, yana hawa yana kuka, kamar Baba in wa'azi ya ɗauke shi.

Kin san Madam Pettiford, mai gidan da nake haya. Shekara uku ke nan tana hana ni busa, sai dai in cusa safa a bakin saksofon ɗina in shige cikin kabad. Ran Lahadi da rana na sa faifan, sai ga ta da tsintsiya.

"Kai Lucius, wa ake yankawa a ɗakin nan?"

Na tashi zan kashe, ta ce, "Taɓa ka gani." Ta zauna bakin gado har ya ƙare, ta ce in juya ɗaya gefen. Da aka gama ta share ido ta ce, "Cire safar nan, ɗan nema. Busa min naka."

Yaya, hannuna a naɗe yake.

Likita ya ce ɗayan yatsan ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Ki sa ni a addu'a. Safar dai na cire ta, kuma ba za ta koma ba.

Ƙaninki,
Lucius