Janareton da Ban Gyara Ba

Laraba da dare, Lugbe

Yau na dawo daga shago da niyyar karɓe sitona daga hannun 'yata Rahila. Wata biyar ke nan ta jingina katifu a bangonsa, ta cika shi da jita da kwamfuta, kayan gyarana kuwa suna zube a shagona can Garki. Ni da na gina gidan nan da sifana da gumina!

Kafin in buɗe baki ta ɗora mini abin saurare a kunne. "Baba, minti uku kawai."

Ba ganga, ba amshi. Wani dogon gurnani ne yana tashi yana sauka, jita ta lulluɓe shi kamar ruwan sama a kan kwano, muryarta can ƙasa kamar daga rijiya. Tsigar jikina ta tashi. Sai na gane gurnanin. Janaretonmu ne! Shekara talatin ina gyaran janareto, ban taɓa sanin kukansa yana da daɗi ba.

Na ce, "Ke, kaburetar ce ta toshe, shi ya sa yake numfashi haka. Gobe zan wanke ta."

Ta riƙe hannuna. "Don Allah, Baba, kar ka taɓa shi. Numfashin nan shi ne waƙar. Saura waƙoƙi biyu in gama."

Ikon Allah. Ni, Oga Ɗanladi, da janareto mai tari a gidana! Maganar sito dai ban yi ta ba. Ga janareton can ina jin numfashinsa ta taga, na ajiye biro sau biyu ina saurare.