Katin da Na Cire daga Kwamfutar Surukina

Assalamu alaikum Anti mai shafi, barka da war haka. Ya iyali, ya hidima da jama'a? Allah ya ƙara haƙuri da mu. Don girman Allah ki sakaya sunana, ko harafin farko kada ki bari. Ku kuma masu karatu na san halinku, wasu tun ba su kai tsakiya ba sun fara wanke mutum tas. Ku daure ku kai ƙarshe. Zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina, shawara na zo nema.

A Gwarzo nake zaune, ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta da buga takardu. Matata 'yar wani ƙauye ce ta wajen Durun, a Kabo. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, asalinsu masu shanu ne, amma shi tun yana saurayi ya ajiye sanda ya kama sitiyari, ya ƙarar da ƙarfinsa yana jan tirela tsakanin Kano da kudu. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo da sauƙi, hannun dama ne ya yi nauyi. Mai yi masa gashi a asibiti ya ce a nema masa abin da zai sa ya riƙa motsa hannun kullum da son ransa, don Baba ba mutumin da za a tsaya a kansa ana cewa ɗaga, sauke ba ne. Sai yayan matata da ke aiki a Fatakwal ya kawo shawarar wasan tuƙin tirela na kwamfuta, irin wanda ake haɗa masa sitiyari da birki da totur a ƙasa. Ya kira ni ya ce, “Kai ne masanin abin nan. Ka zaɓo komai mai kyau, kada ka rage. So nake Baba ya ji kamar yana kan hanya.” Na ce, “In sha Allahu Yaya, ka ɗauka an gama.”

Abin da Yaya bai sani ba, ni kaina wasan nan ya daɗe da kama ni. Idan ba ciniki a shago shi nake yi, a kan wata tsohuwar kwamfuta mai wahala. Wasan yana da cin ƙarfi, kuma ƙarfin duk yana kan girafik kad, wato katin da ke zana hoton da mutum yake gani a allo. Nawa ƙarami ne, mai fanka ɗaya, na hannu na saye shi tun ina makaranta. Da shi sai na kashe inuwa, na kashe ruwan sama, na rage motocin kan titi, amma duk da haka in na shiga gari hoton sai ya riƙa ƙamewa yana tsalle. Na saba da shi har na iya juya sitiyari kafin kwana ta zo.

Ranar da na shiga Kano sayayya, wallahi ba ɗan kasuwar da ban zarga ba. Na san halin harkar: a ɗauko katin da ya sha wuta a wani waje, a wanke shi, a busa masa iska, a mayar a kwali a ce sabo ne dal. Wanda ya fara nuna min na ce ya buɗe, na leƙa kan notinan na ga alamar sukundireba, na ajiye masa kayansa. Na biyun ya rantse har da dafa ƙirji, na ce rantsuwa ba ta kunna kwamfuta, a jona in gani. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, na zaɓa mai ƙarfi, ram, wato ma'ajiyar da take aiki da ita, na cika, na sayi akwatin wuta mai nauyi don kada katin ya riƙa kashe injin in ya ɗau zafi. Katin kansa sai da yamma na samu wanda zuciyata ta kwanta da shi, babba mai ƙarfin gig goma sha biyu, fanka uku, ledarsa ba a taɓa ɓare ta ba. Mai shagon da ya gaji da ni ya ce, “Malam, kai ko uwarka ce ta sayar maka sai ka duba.” Na yi dariya na ce kayan surukina ne, ba na son a cuce shi. Ku ji fa abin da bakina ya faɗa.

Washegari na zo shago na haɗa komai, na ce bari in gwada kafin in kai. Anti, ban taɓa sanin haka wasan yake ba. Ruwa yana sauka a gilashi, waifa tana sharewa, fitilun motoci suna haskawa a kan kwalta mai laima, ka taɓa sitiyari kaɗan kan motar ya amsa nan take. Na zauna har la'asar ta kusa wuce ni. Daga nan zuciya ta fara kawo min hujjoji, kuma duk masu kama da gaskiya. Ƙauyensu Baba ba wutar gwamnati, sola ce da batir, anya za ta ɗauki wannan katin? Tsohon da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ina zai gane bambancin gig biyu da goma sha biyu? Idonsa ma ai ya fara rauni. Kuma ai ba sata ba ce, aro ne, in ya saba da wasan sai in mayar masa. Na san solar nan Yaya ne ya haɗa ta, babba ce, har firji take ja. Na sani sarai. Na ɗauki sukundireba na zare sabon katin na sa a tawa, na cusa tsohon nawa a ta Baba, na ɗaure murfi.

Sai kun san gidan nan za ku gane yadda abin ya wuce ba wanda ya ce uffan. Kunyarsu ba ta wasa ba ce. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da Baba ba, ban taɓa cin abinci a inda yake ba, shi ma bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce “mutumin Gwarzo”. In zan gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Duk maganar da ta wuce gaisuwa ta bakin Inna, mahaifiyar matata, take bi, ko ta bakin matata. Ranar da na kai kayan, fita ya yi ya zauna a gindin darbejiya har na gama jonawa, matata na koya wa yadda ake kunnawa, ita ta koya masa. Da zan tafi ya ce, yana kallon gefe, “Allah ya yi albarka.” Na ce amin.

Makon farko labari mai daɗi ya riƙa zuwa. Matata ta ce Baba ya kafa hula ya zauna gaban sitiyari kamar zai tashi Legas, har yana faɗa wa Inna ta matsa daga madubi. Daga baya labarin ya canja. Ta dawo daga gida ranta a ɓace ta ce, “Baba ya ce in ya juya, motar ba ta bin sa sai ya wuce kwanar. Ya ce hannun ne yake makara.” Na ce mata sabo ne, zai saba. Me zan ce? Ni na san ba hannu ba ne. Katin ne ba ya iya zana hanyar da sauri, hoton sai ya tsaya ya jira, kafin ya dawo tirela ta riga ta hau gona. Ni da na saba na san dabarar, shi kuwa direban gaske ne, yana juyawa ne a lokacin da ya kamata a juya.

Tun daga nan ban sake jin wani saƙo daga Durun da zuciya ɗaya ba. Inna ta aiko min da man shanu, na ce na mene ne, me aka ji? Matata ta ce Baba ya ce a gaya min kwalin katin yana nan ya adana, wai hotonsa yana da kyau. Kwalin da na manta na bari a cikin kaya, mai hoton fanka uku ɓaro-ɓaro a jikinsa! Shin yabo ne, ko ya leƙa ta ramukan murfin ya ga fanka ɗaya? Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sa ido kada bakanike ya canja masa kaya, zai kasa lura? Yaya ya kira yana tambaya ko akwai wani abin da za a ƙara wa injin, na ji kamar da biyu yake tambaya, na hau yi masa bayanin sola da zafi har ya ce, “To ai shi ke nan, ban ce ka yi laifi ba.” Me ya kawo maganar laifi? Har matata na fara kallonta. Ta shigo shago ta same ni ina tuƙi, ta tsaya a bayana ta ce, “Kai taka ba ta tsalle.” Na ce ai ni na iya saiti. Ta ɗauki mayafinta ta fita, kuma har yau ba ta sake tayar da maganar ba.

Kada ku ce ban yi yunƙurin gyarawa ba. Na aika cewa a ba ni kwamfutar in yi mata sabis, niyyata in mayar da katin ba wanda ya sani. Amsar da Inna ta kawo ita ce, “Ya ce a bar ta, lafiyarta ƙalau. Ya ce wanda ya haɗa ta ya san aikinsa, ba za a mayar masa da kaya kamar an raina ba.” Kun gani? A wurinsa mayar min da ita tamkar ce min aka yi aikina bai yi ba, kuma suruki ba ya yi wa mijin 'yarsa haka. Ko kuwa ya gane ne, yake so in zauna da abina in ji yadda yake? Na juya maganar nan ta kowace fuska, na kasa sanin wacce ce.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaisuwa bayan masallaci. Na durƙusa a bakin ƙofa, labule a ɗage, Baba bai ji zuwana ba. Yana tuƙi, hannun hagu a ƙasan sitiyari, na daman ya ɗora shi a sama da ƙyar, yatsun suna rawa. Hanyar ta shiga wani gari, motoci suka yi yawa, hoton ya fara ƙamewa. Na ga kwanar tana zuwa, na ga ya juya daidai, wallahi daidai, ko ni ba zan fi haka ba. Allon ya tsaya cak, da ya dawo tirelar tana kwance a gefen titi. Sai Baba ya sa hannun hagu ya ɗauke na daman daga kan sitiyari, ya ajiye shi a cinyarsa, ya ce wa Inna, “Kashe. Ba laifin mota ba ne.” Na yi sallama, ya amsa kamar kullum, ya tambayi mutanen Gwarzo. Na hau babur na kamo hanya, sai da na tsaya a wajen Kabo na share fuska don ban ga titi sosai ba.

Shekaranjiya da hantsi mota ta tsaya a ƙofar shagona. Aka sauke kwamfutar a nannaɗe cikin bargo, da sitiyarin, da birkin, komai. Matata ce ta biyo da saƙon, idonta ya kumbura. Ta ce, “Baba ya ce ka riƙe, kyauta ya ba ka. Ya ce kai kana da hannun da za ka more ta, shi nasa ya gama aiki.” Ta ce tun ranar Juma'a ko cokali bai ƙara ɗauka da daman ba, kuma ya ce a daina kai shi gashi, wahalar da mutane kawai ake yi.

Yanzu ga su nan duka biyu a gabana, tawa da tasa, kuma aikin mayar da katin bai fi a sha shayi ba. Amma in na mayar na kai masa, ya juya motar ta bi shi, zai san hannunsa bai taɓa makara ba, zai kuma san hannun wa ya shiga cikin injin. Ba zai ce min komai ba har abada, haka zan ci gaba da durƙusawa a ƙofarsa yana amsa min. In na ce wani saiti na gyara, na ƙara ƙarya a kan ƙarya, kuma matata da ta ga tawa ba ta tsalle ba yarinya ba ce. In na faɗi gaskiya, ta bakin wa? Ba ni da hanyar yi wa Baba magana sai ta bakin 'yarsa, ke nan ita zan fara kallo in ce mata ni na sa ubanta ya fitar da rai da hannunsa. In kuma na yi shiru na karɓi kyautar, asirina ya rufu, hannun Baba ya tafi.

Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ban san ko mutumin nan ya yafe min ne tun ban roƙa ba, ko har yanzu hannunsa yake zargi. Kowace safiya da na ƙara ina tunani, hannun yana ƙara sandarewa a cinyarsa. Don Allah jama'a, me zan yi?