Na Goge Zanen da ke Jikin Injin Mushe Illa

Hajiya Rahamatu, don girman Allah ki agaje ni, saura kwana goma sha biyu asirina ya tonu a garin Tahoua. Na san masu rigimar gida suka fi rubuto miki. To tawa rigimar da wani ɗan inji ce wanda bai fi butar alwala girma ba.

Ni maƙerin azurfa da tagulla ne, shekara talatin da ɗoriya. Daga Affala har Takanamat mata na sa zobban da na ƙera, kuma ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Ina da amini, Mushe Illa, tsohon malamin lakkol; mu nan malamin boko Mushe muke ce masa. Yana da ɗan injin tururi da wani Bature abokin aikinsa ya bar masa da zai koma gida. A zuba ruwa a ƴar tukunyarsa, a kunna alkol, wato sifirit, a ƙarƙashi, sai ƙafar injin ta kama juyawa tana cak-cak-cak. Da shi ya karantar da rabin ma'aikatan garin nan. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, abin da ya rage masa shi ne ya kunna ya zauna yana sauraro.

Tukunyar ta soma yoyo, ya kawo mini, ya ce in liƙe ramin kawai. Kafin shayin farko ya dahu na liƙe. Da na tsaya nan, da yanzu ina cin tuwona lafiya. Amma a gidanmu ba a taɓa barin tagulla ta fita da dauɗa ba. Na wargaza injin kaf, na goge kowane yanki da toka da lemun tsami. A jikin sandar da ke riƙe ƙafar akwai wani zobe mai karkataccen rami, an ɗaure shi da ɗan sukuru. Sai na ga wani mummunan zane kamar an ja da ƙusa, ya taso daga zoben ya hau sandar. Har na yi wa Baturen tsaki a raina. Na ɗauki magagari na shafe zanen tas, na harhaɗa komai, na ɗiga man gyaɗa.

Hajiya, a yau babu injin da ya kai shi ƙyalli a ƙasar Adar, kuma babu wanda ya kai shi lalaci. Sai na tura ƙafar da yatsa, ta juya sau uku, injin ya yi tari, ya tofa mini ruwan zafi, ya tsaya.

Da abin ya ishe ni na kai shi fadarmu ta shayi, na rantsar da mutum goma sha ɗaya kada su faɗa wa kowa. Kin san tun da aka yi taron ƙasa kowa ya zama mai ra'ayi. Tanimu bakanike ya ce buji ne, wato fulogi. Na ce ba shi da buji, ya ce ai matsalar ke nan. Alƙasum mai injin niƙa ya ce ƙarfi ne ya yi kaɗan, in ɗaure ɗan murfin da ke fitar da tururi a saman tukunyar da waya. Daga ƙarshe aka ce zoben nan ne ya goce, a kaɗa ƙuri'a a kan inda za a murɗa shi. Bakwai suka ce dama, huɗu suka ce hagu. Muka murɗa dama, injin ya tashi da ɗingishi, da baya da baya. Masu hagu suka ce an yi maguɗi, biyu sun daina zuwa fada. Washegari uwargidana Zaliha ta dawo daga famfo da labarin duka, har da adadin ƙuri'u.

Abin da ya fi ci mini rai, na yi wa Mushe ƙarya sau biyu. Na ce liƙin sai ya huta mako guda. Da mako ya cika na ce tun da aka karya darajar kuɗin sefa alkol ya ɓace a kasuwa. Shekaranjiya ya zo ina cikin gwaji a bayan zana. Ya daɗe tsaye a ƙofa da sandarsa, sannan ya tambaye ni wane ne ba shi da lafiya a gidan, ya ji ana tari.

Yanzu yajin aikin da malamai suka shiga ya ƙare, tsohuwar makarantarsa ta gayyace shi ya nuna injin ranar da za a buɗe, har ya kai babbar rigarsa wanki. Mutumin nan yana gaya wa kowa cewa hannuna bai taɓa ɓata abu ba. Kunya nake ji ƙwarai, kuma ina tsoron rasa shi. In ce an sace ne, ko in tafi ƙauye sai an gama?

Naki, Maƙerin da ƙyalli ya ruɗa.

Malam maƙeri, sannu da wahala. Na kai takardarka wurin wani dattijo maƙwabcina da ya yi aikin jirgin ƙasa a Najeriya. Sai da ya yi dariya ta ishe shi, sannan ya ce injinka lafiyarsa lau.

Zoben nan shi ke tura ƴar ƙofar da ke buɗe wa tururi hanya, gaba sannan baya. Zanen da ka shafe shi ke nuna inda zoben zai zauna don ƙofar ta buɗe a kan lokaci. Yanzu tana buɗewa a makare ko da wuri, tururi na tokare fistin, wato ƙarfen da ke kai da komo ya juya ƙafar, maimakon ya tura shi. Ka cire murfin akwatin ƙofar, ka juya ƙafar da hannu, ka ga ko ramuka biyun da tururi ke shiga na buɗewa daidai wa daida. In ɗaya ya fi, ka rage ko ka ƙara tsawon ɗan sandan ƙofar. Sannan ka kai fistin ƙarshen tafiyarsa, ka kwance sukurun, ka murɗa zoben ta wajen da kake son ƙafar ta juya, har ramin da ke bayan fistin ya soma buɗewa kamar kaurin gashi. Tumbin zoben zai kasance gaba da hannun ƙafar da kwatan zagaye da ɗan ƙari. Ka fara gwadawa da famfon keke kafin ka kunna wuta. Ka wanke man gyaɗan, danƙo yake yi, ka sa man inji mai kauri. Wayar Alƙasum kuwa kada ta kusanci tukunyar, in ba so kake garin ya sami makaho na biyu ba.

Tsabtar aikinka ba laifi ba ce, ita ta yi maka suna. Laifinka shi ne an ce ka liƙe, ka ƙara da abin da ba a sa ka ba, sannan ka lulluɓe da ƙarya. Kuma ka bar wahalar da kanka da ɓoyo. Wanda ya shekara ashirin yana sauraron injin nan ya san tarin wa ya ji. Jira yake ka faɗa da bakinka.

Gyaran ƙarshe ma ba da ido ake yi ba, da kunne ne, sai bugun gaba da na baya sun zo daidai. Kai kana da hannu, shi yana da kunnen. Gobe da safe ka ɗauki injin ka tafi gidansa, ka fara da ba shi haƙuri, sannan ka riƙa murɗa zoben kaɗan-kaɗan har ya ce ka tsaya. In ya ce, ka ɗaure sukurun, ka ɗauki ƙusa, ka ja zane daga zoben zuwa sandar, mai zurfin da yatsan Mushe zai iya laluba.

Na san hannunka zai yi ƙaiƙayi. Ka daure, ka bar shi da muninsa. Allah ya bar zumunci, ya kai mu ranar buɗe makaranta lafiya.

Hajiya Rahamatu