Na Ce Wa Surukina An Cire Hotonsa, Alhali Yana Nan

Assalamu alaikum Admin, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana. Masu zagi kuma ku ɗan riƙe bakinku har ku kai ƙarshe, domin ni ma bakina ne ya jefa ni cikin halin da nake ciki. Shawara nake nema, ba a gaya min ni sakarai ne ba, wannan na riga na sani.

Ni malamin makaranta ne a Birnin Gwari, darasin kwamfuta nake koyarwa. Amma gaskiyar magana da alli nake koyar da ita, in zana akwati a allo in ce ga fuskar kwamfuta, in zana wani in ce ga madannai. Na iya buga takarda, na iya saita wa tsofaffi wayarsu in ta rikice, iyakata ke nan. A unguwa kuwa Injiniya ake ce min, kuma ban taɓa hanawa ba, don daɗi yake min. To muna da wata ƙungiya ta manoma, Musulmi da Kirista, masu masara da dawa da masu zuma, daga wajen Kakangi har Dogon Dawa. Damuwarmu ɗaya ce: manyan dillalai sun daina shigowa saboda hanya, 'yan kaɗan da ke zuwa kuma yadda suka ga dama suke saye. A wani taro sai Ciyaman ɗinmu, wani dattijon Gbagyi mai son ci gaba, ya ce ya ji ana buɗe shafi a intanet, mai saye na Kano ko Legas ya ga kaya ya kira manomi kai tsaye. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ai ga Injiniya muna da shi a gida. Malam, za ka iya?" Kowa ya zuba min ido, har da surukina, mahaifin matata, yana zaune a sahun gaba. Ku gaya min tsakani da Allah, wa zai buɗe baki a gaban suruki ya ce bai iya ba? Na ce, "Haba Ciyaman, wannan ai ƙaramin abu ne."

Ƙaramin abu! Na dawo gida na yi ta kallon bidiyon koyarwa har data ta ƙare, kaina ya ɗauki zafi, ban fahimci komai ba. A nan ne na gano akwai dandalin da ake ɗaukar masu haɗa shafuka haya, mutum yana can wata uwa duniya ya yi maka aiki ba ku taɓa ganin juna ba. Na shiga na ga fuskoki birjik, kowa ya ce shi ne gwani, kowa da taurarinsa a jere. Na farko da na yi wa magana ya jero min tambayoyin da ko ɗaya ban gane ba, na gudu. Na biyu ya ce an gama, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ga sabis ɗinmu kun san halinsa, sai na fita bayan filin ƙwallo na ɗaga waya sama cikin rana kafin saƙo ya tafi. Daga ƙarshe na zaɓi wani mai sunan Turawa, hotonsa da kwat da laktaye, taurari biyar cif. Na ce yauwa, Bature ba ya wasa da aiki. Na biya shi daga aljihuna don kada kowa ya sani.

Mutumin ya iya aiki, wannan ba zan hana shi ba. Da Turanci muke magana a rubuce. Ya ce masu saye ba sa yarda sai sun ga fuska, in turo masa hotunan manoma da ɗan bayani a kan kowa. Na duba wayata, sai ga hotunan da na ɗauka lokacin kaka da muka je gaishe da Baba, wato surukina, a ƙauye: Baba tsaye gaban rumbunansa, ga shanun huɗa a ɗaure, ga sabon babur a jingine. Na tura. Da hannuna na rubuta a ƙasa wai shi ne babban manomin yankin, rumbunansa ba sa yankewa daga shekara zuwa shekara. Na tambaye shi izini? Ban tambaya ba. So nake ya gani ya ce 'yarsa ta yi dace da miji.

Ranar da ya turo min shafin in duba, na daɗe tsaye a rana kafin ya buɗe, gumi duk ya jiƙa min riga. Yana buɗewa, abu na farko da idona ya sauka a kai shi ne babban rubutu a sama: Burning Gwari. Wato maimakon Birnin, ya rubuta kalmar Turanci mai nufin ana ci da wuta. Jama'a, ni da na ga ƙauyukan da aka ƙona da idona, ni da ɗalibaina suka kwana a aji saboda an cinna wa gidajensu wuta, shi ne wani yana can cikin fanka zai mayar da mu abin dariya? Zuciya ta ɗebe ni. Na danna saƙon murya na wanke shi tas da Hausa, tunda a zatona ba ya ji. Na ce masa jahili, na ce masa ɓarawon zaune, kuma, astagfirullah, na ɗura masa ashar na ambaci uwarsa. Ban tsaya nan ba, na koma dandalin na ba shi tauraro ɗaya, na rubuta cewa kada kowa ya kuskura ya ba shi aiki.

Can sai ga saƙon murya ya shigo. Na buɗe, sai na ji Hausa tsantsa, irin ta Zazzau, murya a sanyaye: "Malam, na ji duk abin da ka faɗa. Ni ɗan Zariya ne. Sunan Turawa da hoton wani Bature na sa don mutanenmu ba sa yarda da nasu. Rubutun nan kwamfuta ce ta sauya shi da kanta, ban lura ba, kuma na gyara. Amma mahaifiyar da ka zaga tana kabari. Abin da ka rubuta a kaina kuma ya kashe min kasuwa. Tsakanina da kai Allah ya isa." Kafin in haɗa kalmar ban haƙuri ya toshe ni ta ko'ina. Amma da na ga shafin yana aiki, rubutun ya gyaru, sai na ce oho, ai buƙata ta biya. Ban san cewa shafi yana da makulli ba. Ban san akwai kalmar sirri da ake karɓa in an gama aiki ba, ban san da sunansa ya yi rajistar komai ba. Injiniya fa! Na je taro aka yi ta tafa min, Ciyaman har da rungume ni, ni kuwa ina ta washe baki.

Wanda ba ɗan yankinmu ba ne ba zai gane abin da zan faɗa yanzu ba. A nan, mai hatsi kaɗan-kaɗan yake fitar da shi kasuwa don kada a lura. Mai hali tsohuwar riga yake sawa. Ba ka san wane ne infoman 'yan bindiga ba, ko mai shayi ne, ko wanda kuka yi sallah sahu ɗaya, kuma mutanen daji suna da wayoyin da suka fi namu. A irin wannan wuri ne ni na ɗauki surukina na kafa shi a gaban duniya da rumbunansa. Kuma akwai abin da ya fi haka. Ashe waya tana liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, shi kuma mutumin, don ya ƙawata aiki, ya sa taswira a ƙarƙashin kowane manomi. Ka danna jan ɗigon da ke ƙasan hoton Baba, sai ta nuna maka hanya tun daga bakin titi har ƙofar gidansa.

Wani dillali ne ya nuna wa Baba a kasuwa, yana yi masa tsiya wai ya shiga duniya. Baba ya aiko a kira ni. Na je na tuɓe takalmi na tsugunna nesa, kaina a ƙasa, shi ma bai dube ni ba. Ya ce, "Malam, na ga aiki, Allah ya yi albarka. Amma ni a cire ni. Ina da iyali a gidan nan." Na ce, "To, Baba." Da gaske abin ya tsorata shi, don a makon ya kwashe mata da yara suka dawo cikin gari gidan ƙaninsa, ya kai shanun wani wuri. Ni kuma na shiga fafutuka. Na rubuta wa masu dandalin, suka amsa da cewa an kammala aiki an rufe magana. Na rubuta wa kamfanin da shafin yake zaune a wurinsu, suka ce sai mai rajista. Na ari layin wani na kira mutumin, yana jin muryata ya kashe ya sake toshewa. Na goge mugun bayanin da na rubuta a kansa, na tura masa ban haƙuri ta wani layin har da haɗa shi da Allah da Annabi, shiru kake ji. Na je Kaduna na nuna wa masu gyaran kwamfuta, suka ce in ba kalmar sirri sai dai in jira rajistar ta ƙare da kanta, ita kuwa da sauranta sosai. Wai abin da na biya da guminna, hoton da na ɗauka da wayata, amma ba ni da ikon taɓa shi? Wannan wace irin masifa ce?

Ana nan Baba ya sake kirana. Zaman gari ya ishe shi, ga amfanin gona ya nuna yana jiran girbi. Ya ce, "Malam, an cire kuwa?" Shi rakani-kashi ce wayarsa, ba ta shiga intanet, ba ya iya dubawa. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ga in na faɗa dole in ce ba ni na yi shafin ba, dole in ce na yaudari ƙungiya, dole in ce na zagi mahaifiyar mutum tana kabari. A gaban suruki? Sai na ji kaina ina cewa, "An cire, Baba." Ya ce, "Alhamdulillahi. Allah ya yi maka albarka, ka sauke min kaya." Ya tattara iyalinsa da shanunsa suka koma ƙauye, a kan maganata.

Tun daga ranar abinci ba ya min daɗi. Ina aji ina rubutu a allo sai in tsaya in manta abin da nake cewa. Babur ya wuce da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Shekaranjiya kuma Ciyaman ya tare ni yana murna, ya ce, "Injiniya, aikinka ya fara ci! Wasu mutum biyu sun je ƙauyen surukinka a kan babur suna tambayar gidan mai rumbunan nan na cikin waya, sun ce masara suke so. Ba su same shi ba yana gona, sun ce za su dawo." Na ce su wane ne? Ya ce ba wanda ya san su. To, wataƙila masu saye ne na gaske, ai don haka aka yi shafin. Wataƙila kuma ba su ba ne. Ta ina zan gane?

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne matata. Na dawo daga makaranta na tarar tana ninke kayan yara a jaka. Ta ce ranar kasuwa za ta bi mota ita da su, za su je su yi wa Baba kwanaki su taya shi hidimar girbi. Na ce ki bari tukuna. Ta ce, "Saboda me? Ba kai da bakinka ka ce an cire ba?" Sai na fito waje na zauna a kan dakali ina rubuta wannan.

In na gaya wa Baba, zai sake gudu ya bar guminsa na shekara a gona, kuma ba zai ƙara yarda da kalma ɗaya daga bakina ba. In na tafi Zariya neman mutumin, ko sunansa na gaskiya ban sani ba. In kuma na yi shiru wani abu ya faru, da wane ido zan dubi matata? Tana ciki yanzu haka tana yi wa yara alkawarin kakansu zai gasa musu masara. Don Allah jama'a, me zan yi?