Faya-fayan Baba Huɗu a Kwamfuta Mai Gurbi Biyu

Gwaggo, don Allah ki taimaka mini da shawara, raina a dagule yake. Amma tun kafin in yi nisa bari in faɗa miki, idan abin da za ki ce shi ne in canza kwamfuta, ki ajiye alƙalaminki. Na ji wannan daga bakin mutum uku, kuma ba zan canza ba.

Ni 'yar mai ɗaukar hoto ce. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara ashirin da shida a wani ɗan shago tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. Tun ina sakandare nake zama gefensa ina yanka hotuna ina sa su a ambulan. Yayana kuwa bai taɓa yin wuni guda a shagon ba, wai warin tawada yana sa masa ciwon kai. Yau wata takwas da rasuwar Baba, kuma shagon yana hannuna.

Tun da aka koma aiki da kwamfuta, Baba bai taɓa goge hoton kowa ba. Idan faifan ajiya ya cika sai ya cire shi, ya manna masa farar takarda ya rubuta shekarun da ke ciki, ya zura shi cikin tsohuwar safa, ya sa a aljihun tebur ya kulle. Guda huɗu ya bari. In wani ya zo neman tsohon hoto, sai Baba ya kashe kwamfutar, ya kwance murfi, ya jona faifan, ya lalubo hoton, ya buga, ya sake cirewa ya mayar cikin safa. Rabin awa ke nan mutum yana zaune yana hamma. Na sha tsokanarsa cewa faya-fayan nan sun fi mu samun gata, shi kuma sai dai ya yi murmushi.

Kwamfutar ba ta fi kwalin takalmi girma ba. Baba da kansa ya sa zarto ya yanka mata gurbi a ƙarƙashin kantar shagon, daidai da ita, ko yatsa ba ya shiga ta gefe. Wurin faifai biyu ne kawai a cikinta, ɗaya kuma na aikin yau da kullum ne. Ni dai na ƙudura sai duka huɗun sun shiga, don kada kowa ya sake zaman jira a shagona. Mai gyara ya sayar mini da wayoyi masu reshe da ɗan allon ƙarin mahaɗa, yana miƙo mini yana girgiza kai. Na farko na sa shi a gurbin da ke fili. Na biyu na cire abin saka faifan kallo, wanda ba mai amfani da shi yanzu, na ɗora shi a wurin. Na uku na ɗaure shi a bango da robar tayar keke, na tokare da soso don kada ya yi girgiza. Na huɗu ne ya ƙi samun wuri. Na duba, na sake dubawa, sai na ga fankar nan ta baya ta ci fili ba gaira ba dalili, ga ƙara. Na kwance ta, na sa faifan a wurinta. Murfin ya ƙi rufuwa, na danne shi da gwiwa na ɗaure kusoshin.

Kuma ta yi aiki, Gwaggo! Mako biyu da suka wuce wata tsohuwa ta zo neman hoton ɗanta da ya rasu, ba ta ma tuna shekarar ba, ta ce dai yana sanye da riga mai ratsi. Kafin ta gama gyara zama na juyo mata allon. Ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka, ni ma na taya ta. Wanda bai ga wannan ba kada ya zo yana koya mini aikina.

Sai ga Yaya ya zo wucewa. Ya sa hannu a jikin kwamfutar, ya janye kamar ya taɓa tukunya, ya ce dafa aikin Baba nake yi. Ya nuna mini hoton wata ƙatuwa a wayarsa, ya ce shi zai saya mini. Wannan ƙatuwar ba za ta shiga gurbin ba sai an ɓalle kantar da Baba ya haɗa da hannunsa. Da na faɗa masa haka, a gaban mai aski ya ce matsalar ke nan in an bar mace da sukundireba. Na nuna masa ƙofa. Umma ta goyi bayansa, wai babba ne. Babba a ina? Ina yake lokacin da Baba ya daina gani sosai, ni ce ke karanta masa abin da ke allo? Kwana goma ke nan ba ma magana, kuma ko a jikina.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne wannan. Kwana uku ke nan faifai na huɗu yana wani ƙas-ƙas kamar agogo, kuma yana jan jiki kafin ya buɗe. Da na leƙa, takardar da Baba ya yi rubutu a kai ta fara naɗewa ta gefe, ta yi ja. Na danne ta da babban yatsa, ta sake tashi. A cikin wannan faifan akwai hoto guda ɗaya tak na ni da Baba. Shi ba ya yarda a ɗauke shi. Ranar da ya sayo sabuwar kyamara ce mai aski ya karɓa ya ɗauke mu, Baba yana ƙoƙarin hana shi, hannunsa a sama. Ban taɓa bugawa ba, ina cewa ai yana nan ko yaushe.

To, ki gaya mini yadda zan sa Yaya ya fita harkata ba tare da na ɓata wa Umma rai ba. Sannan in kin san mai ilimin abin, ki tambayar mini, in na ƙara soso ƙarar za ta daina?

'Yar Mai Hoto

*

'Yata 'Yar Mai Hoto,

Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa aikin da ya bar miki ya zame miki alheri. Ban ajiye alƙalamina ba, kuma ba zan ce ki canza kwamfuta ba. Abin da zan ce shi ne ki tashi ki kashe ta yanzu, kafin ki gama karanta wannan.

Na kai wasiƙarki wurin wanda ke kula da kwamfutocin ofishin jaridarmu, ya karanta ya dafe kai. Ƙarar da kike ji ba ta girgiza ba ce, faifan ne ke mutuwa, kuma duk kunnawar da kika yi kina rage masa kwana. Soso ba magani ba ne, bargo ne kika lulluɓa wa mai zazzaɓi. Fankar da kika ce ta ci fili ita ce numfashin na'urar. Ba sai kin yarda da ni ko da yayanki ba, rubutun babanki da ke naɗewa ya isa shaida.

Ki cire duka huɗun, ki mayar da fanka. Faifai na huɗu kada ki sake jona shi da kanki, ki kai shi wurin wanda ya ƙware a ceto abin da ke cikin faifai, ki ce masa hoton nan za a fara nema kafin komai. Sannan ki nemi sabon faifai guda, irin siririn nan da ba ya juyawa kuma ba ya zafi sosai. Na yanzu guda ɗaya zai iya ɗauke abin da tsofaffi huɗu suka ɗauka, ya zauna a gurbin da ke fili, murfi ya rufu ba da gwiwa ba. Kantar Baba tana nan, ƙaramar kwamfutarki tana nan, tsohuwa ta gaba ma ba za ta yi zaman jira ba. Burinki daidai ne, hanyar ce ta karkace.

Tsofaffin kuma su koma cikin safarsu. Kin ɗauka babanki ɓata lokaci yake yi, amma mutumin nan ya san abin da ke aljihun tebur wutar lantarki ba ta ƙona shi. Ke kin tara amanar mutane ta shekara da shekaru a akwati ɗaya, a kan waya ɗaya. Wuta ta kawo da ƙarfi sau ɗaya, shi ke nan.

Maganar yayanki kuwa, abin da ya faɗa a gaban mai aski rashin kyautawa ne, kuma kina da ikon gaya masa haka a gaban Umma, cikin ladabi, ido cikin ido. Macen da ta iya jona faifai biyar suka tashi ba a yi mata gorin sukundireba. Amma hannunsa bai yi ƙarya ba, kuma mutum ba ya tayin sayen kwamfuta don aikin uban da bai damu da shi ba. Wataƙila shi ma kewar ce ke cinsa, bai iya faɗa ba. Tunda yana son ya sa hannu, ki ce ya sayi wani sabon faifan bayan naki, a kwafe komai a ciki, ya ajiye a gidansa. Kin ga ya samu nasa rabon kula da aikin Baba, shago kuma naki ne.

Ban yi miki alkawarin hoton zai fito ba, kwana ukun nan sun yi yawa. Amma in Allah ya sa ya fito, kada ki bar shi ya kwana a cikin na'ura. Ki buga uku a ranar, ɗaya na Umma, ɗaya na Yaya, ɗaya ki rataya a saman kantar, inda duk mai shigowa zai ga mutumin da ya adana fuskar kowa yana ɗaga hannu kada a ɗauki tasa.

Allah ya fito miki da shi lafiya, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki.

Gwaggonku