Maiƙon hannun Farfesa

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya ƙalau, abinci ne dai ba ya shiga.

Kin tuna ɗan gilashin bincikena, wanda haske ke taruwa a kusurwoyinsa huɗu ko da sauran hasken na tsiyayewa? Shekara biyu ina lallaɓa shi kamar jinjiri. Jiya Farfesa, mai kula da bincikena, ya gama cin nama, ya ɗauke shi da hannu yana nuna wa baƙi. Maiƙo ya lalata kusurwa biyu. Wai laifina ne da ban ɓoye ba. Tir!

Ki sa ni a addu'a, zan sake daga farko. Ke kika koya mini wanke hannu tun ina rarrafe. Shi da digiri uku, har yau bai samu mai koya masa ba.

'Yarki