Kwamfutar Malama Rifkatu

Talata da dare, Gwandu

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ni ban iya kwamfuta ba, kunnawa da rubutu kawai na sani. Yaya Nasiru ne ya sa wa tsohuwar tamu Linux, tsarin nan na kyauta, kafin ya koma Kalgo, ta daina maƙalewa. Shi ke nan 'yan unguwa suka ɗauka ni gwana ce.

Yau Malama Rifkatu, malamarmu ta aji shida, ta zo da tata a naɗe cikin zane. Ta ce, "Hafsatu, tawa sai na gama girki ba ta buɗe ba. In sa mata tsarin nan irin naku?" Tambayoyin jarrabawar ɗalibanta suna ciki, mako mai zuwa za ta kai a buga.

Na zuba wa tabarma ido. Na tuna takardar walimarmu da na rubuta a kwamfutarmu muka kai shagon bugu, a warwatse layukan suka fito, mai shagon ya ce bai san tsarin ba.

Inna ta ce, "Ke, magana ake miki." Na ce zan yi tunani.

Ko kunya ban ji ba, ban ji komai ba. Gobe zan ce mata kada ta taɓa ta sai an gama jarrabawa.